Zagayen gonakin inabi na Cape a mota: tambayoyin da ake yawan yi mini da amsoshinsu

Mu huɗu muka yi tafiyar a motar haya, kwana tara, daga Cape Town zuwa Oudtshoorn, muka dawo ta bakin teku. Biyu daga cikinmu ba ma shan giya, biyu kuma abokan aiki ne da suke sha, ba su kuma ɓoye ba. Tun da na dawo ake ta jefo mini tambayoyi, wasu don suna shirin zuwa, wasu don su ji ko na kurɓa. Na tara su wuri guda, na amsa gwargwadon abin da idona ya gani da abin da na sani.

Ina ne wurin, kuma me ya sa ake ta zancensa?

Lardin Western Cape ne, a can ƙarshen kudancin Afirka ta Kudu. Garuruwa uku ne jigon abin: Stellenbosch, mai nisan kusan kilomita 50 daga Cape Town, da Paarl, da Franschhoek. Kowanne yana cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, gonakin inabi kuma sun hau gindin duwatsun layi-layi kamar an yi musu kitso.

Turawan Holan ne suka kawo inabin. Jagoransu Jan van Riebeeck ya sauka a 1652, ranar 2 ga Fabrairun 1659 kuma aka matse giyar inabi ta farko a wurin. Gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, ya kuma yanka wa kansa gonar Constantia a 1685. A 1688 wasu Faransawa Kiristoci da suka gudo daga ƙasarsu saboda tsangwamar addini suka iso, aka zaunar da su a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek, wato lungun Faransawa. Tsarin bin gonaki ɗaya bayan ɗaya da alamu a bakin titi, wanda baƙi ke bi yau, a 1971 aka fara shi a Stellenbosch.

Me ake yi a wajen ɗanɗanon giyar inabi?

Bari in fara raba kalmomi, don a Hausa "ruwan inabi" yana ɗaukar ma'ana biyu. A nan idan na ce giyar inabi, mai bugarwa nake nufi. Idan na ce ruwan inabi, matsattsen inabi ne da bai tsimu ba.

Za ka shiga gona, a zaunar da kai a kanta ko a tebur a ƙarƙashin bishiya, ka biya kuɗin ɗanɗano. Ma'aikaci zai kawo kwalabe biyar ko shida, ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan, abin da bai wuce kurɓi biyu ko uku ba, yana bayani: wannan daga wane irin inabi, a wane gefen dutse aka noma shi, wata nawa ya yi a ganga. Ana farawa da farar giya, a koma ja, a rufe da mai zaƙi. Mai ɗanɗano yakan ɗaga tambulan ya duba launi, ya juya shi, ya cusa hanci ya shaƙa, sannan ya kurɓa ya jujjuya shi a baki. Akwai wani ɗan bokiti a kan tebur da ake tofarwa a ciki, kuma a wurinsu tofarwar ba rashin ladabi ba ce, ita ce ma alamar wanda ya san abin.

Na zauna daga nesa ina kallon abokanmu biyu, abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda ma'aikaciyar ke cewa za su ji ƙamshin gwaiba, da na jiƙaƙƙen dutse, da na taba sigari, su kuma suna gyaɗa kai kamar ɗalibai a gaban malam. Daga baya ɗayansu ya ce mini shi dai tsami da bauri kawai ya ji.

Baurin nan gaskiya ne, kuma Bahaushe ya san shi: shi ne abin da ke kama maka harshe idan ka tauna goro ko ka sha shayin da ya daɗe a wuta. Daga ɓawon inabi da ƙwayarsa yake fitowa. Launin ja ma daga ɓawon yake, shi ya sa ake barin ruwan ya jiƙu da ɓawonsa in jar giya ake so. Sauran aikin na yis ne: ya cinye sukarin inabi, ya mai da shi barasa da iska. Yawancin giyar inabi tana ɗauke da barasa kashi 12 zuwa 14 da ɗoriya cikin 100. Sunan da za ka fi ji ana alfahari da shi shi ne Pinotage, wani irin inabi da Abraham Perold, malami a Jami'ar Stellenbosch, ya samar a 1925 ta hanyar aurar da iri biyu.

Ni ba na sha. Me zai kai ni?

Tambayar da na yi wa kaina ke nan kafin mu tashi. Amsar ita ce yawancin manyan gonakin nan sun daɗe da gane cewa ba kowane baƙo ne mashayi ba, kuma ba giya kaɗai suke nomawa ba. Fairview a Paarl ta shahara da cuku, har da wata hasumiya da awaki ke hawa a ƙofar gonar. Morgenster a Somerset West man zaitun take sa mutane su ɗanɗana: a zuba maka a ɗan ƙaramin kofi, ka ɗumama shi a tafin hannu, ka kurɓa, ka ji ya kartar maka maƙogwaro har ka yi tari, su ce ai wannan shi ne mai kyau. Babylonstoren lambu ne da za ka yi rabin yini kana yawo a cikinsa, tsakanin ɓaure da lemo da rumman da kayan miya. A Vergelegen akwai bishiyoyin kafur da aka dasa tun wajen 1700, suna nan tsaye, mutum biyar ba za su rungume gindin ɗaya ba.

Ban da gonaki ma, tsakanin Paarl da Franschhoek ne gidan yarin da ake kira Victor Verster a da yake, inda Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990. Mutum-mutuminsa na nan a ƙofa, hannu a dunƙule sama.

Ni dai abin da ya biya ni kuɗin motata shi ne hanyar kanta.

To ya halatta Musulmi ya zauna a irin wannan wuri?

Ni ba malami ba ne, amma akwai abin da duk wanda ya yi zaman makarantar zaure ya sani. Hadisi ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, wani hadisin kuma ya haɗa mutum goma a la'anar giya, har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayenta. Don haka batun "zan ɗanɗana in tofar" bai ma taso ba, haka nan saya wa wani kwalba a matsayin tsaraba.

Abin da muka yi shi ne: su biyun su shiga ɗakin ɗanɗano, mu biyu mu nufi lambu ko shagon gona, mu haɗu a mota bayan awa ɗaya. Wajen cin abinci kuwa, tun a Cape Town muka yi magana a fili, suka yarda ba za a kawo kwalba teburinmu ba. Ba a yi rigima ba ko sau ɗaya, don an faɗa tun kafin yunwa ta kama kowa. Akwai waɗanda ke ganin ko shiga harabar gonar ma bai kamata ba, tunda kuɗin tikitin lambu aljihun mai giyar zai shiga. Ban ga laifinsu ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, lardin yana da faɗi: akwai gonakin tuffa a Elgin, da na zaitun, da na shayin rooibos a Clanwilliam, ba inda zai haɗu da ganga.

Kwalaben da aka rubuta babu barasa fa?

A nan mutane ke zamewa. Iri biyu ne, kuma kwalabensu kusan ɗaya. Akwai ruwan inabi zalla wanda bai taɓa tsimuwa ba, wani har da gas a ciki, kamar Grapetiser. Wannan lemo ne kawai. Akwai kuma wanda aka yi shi giya sosai, sannan aka zare barasar da na'ura. Shi wannan yakan rage da ɗan abin da ya kai rabin kashi ɗaya cikin 100, kuma malamai sun yi saɓani a kansa, da yawa ba su yarda da shi ba tunda asalinsa giya ce. Ka juya kwalbar ka karanta ƙananan rubutun baya. In ka ga tambarin halal, shi ke nan. In ba ka gani ba, ka tambayi ma'aikaci kai tsaye ko abin ya taɓa tsimuwa.

Ruwan farin inabin da suke kira hanepoot, in ya yi sanyi, ban sha abin da ya kai shi ba a duk tafiyar.

Zagayen masana'antar giyar sha'ir kuma me ake gani?

Wanda aka fi sani shi ne na Newlands a Cape Town, masana'antar da tarihinta ya faro tun 1820, kuma ruwan wata maɓuɓɓuga da ke gangarowa daga dutsen Table ne ya jawo aka kafa ta a wurin. Ƙanana kuma sun cika lardin. Abokanmu sun shiga ɗaya, ni na tsaya a waje, amma da suka fito suna ba da labari sai na ga ai ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake dafa burkutu. A jiƙa sha'ir har ya tsira, a busar, a ɓarza, a dama da ruwan zafi sitacin ya koma sukari, a tace, a tafasa da wani ganye mai ɗaci da ake kira hops, a huce, a zuba yis, a bari ya yi kwanaki. Bambancin kawai tukwanen ƙarfe masu tsayin bene da ma'aunin zafi. Ganyen hops ɗin a kusa da garin George ake noma shi, mun wuce gonakinsa, igiyoyi a rataye kamar an shanya.

Su ma mutanen ƙasar suna da burkutunsu na masara da dawa, sunansa umqombothi. Mu kuma a Najeriya, tun da gwamnati ta hana shigo da sha'ir a 1988 kamfanoni suka koma wa dawa, har da masu yin lemon malt da muke sha a biki. Shi lemon malt hanya ɗaya suke bi da giya har zuwa tafasawa, sai dai ba a barinsa ya tsimu.

Zagayen yakan ɗauki kamar awa ɗaya, ana so ka sa rufaffen takalmi, kuma a ƙarshe ana kai mutane mashaya. Wanda bai kai shekara 18 ba doka ba ta yarda a ba shi ba.

Wanda ya ɗanɗana kaɗan zai iya tuƙi?

A'a. Hausa ma ta raba gardama da ta ba abu biyu suna ɗaya: giyar mota da giyar kwalba ba sa zama a hannu guda. Dokar ƙasar ta sa iyaka a giram 0.05 na barasa cikin mililita 100 na jini, ga direban haya kuma 0.02. Lissafin da ke yaudarar mutane shi ne ƙanƙantar abin da ake zubawa. Kurɓi-kurɓin gona ɗaya in an haɗa ya kai tambulan guda. Gona uku kafin azahar, ka sha uku ke nan, a cikin rana, sau da yawa ba komai a ciki. Hanta kuwa ba ta sauri, kusan awa guda take ɗauka kafin ta sarrafa kofi ɗaya, kuma gahawa ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata gudu. 'Yan sanda na kafa shinge a hanyoyin nan, musamman ƙarshen mako da watan Disamba.

A ayarinmu abin ya zo da sauƙi: makulli yana hannun marasa sha. Har tsokanata suke yi wai Allah ne ya haɗa su da direban da ba ya neman albashi. Ayarin da kowa ke sha sai su ɗauki direba, ko su hau ɗan jirgin ƙasan nan na Franschhoek da ke zagaya gonaki yana sauke mutane yana ɗauka.

Yaya tuƙi yake a can ga wanda ya saba da titin Najeriya ko Nijar?

A hagu suke tuƙi, sitiyari yana dama. Mu Najeriya mun bar hannun hagu tun 1972, don haka sai dattawa ne za su tuna. Miƙaƙƙen titi ba ya ba da wahala. Inda ake rikicewa shi ne shataletale, da lokacin fitowa daga gidan mai da sassafe babu mota a gabanka da za ka bi. Ranar farko sau uku ina son kunna sigina sai abin share gilashi ya tashi. In da hali ka karɓi mota mai canja giya da kanta, hannun hagu bai saba da wannan aiki ba.

Gudu kilomita 60 ne a cikin gari, 100 a hanyoyin karkara, 120 a manyan tituna, kuma kyamarori na aiki. Tarar za ta biyo ka ta kamfanin haya. In mai ba ka kwatance ya ce ka juya a "robot", danja yake nufi. Akwai mararrabar da kowane ɓangare ke da alamar tsayawa: wanda ya riga isowa shi ke fara wucewa, ba wanda ya fi ƙarfin hali ba, kuma abin mamaki kowa na bi. Babbar mota takan matsa gefe ta ba ka hanya, in ka wuce sai ka kunna fitilun gargaɗi sau biyu, godiya ke nan.

Kafin duk wannan, ɗan Najeriya na buƙatar biza da katin rigakafin shawara. Kamfanonin haya kuma suna son lasisi mai rubutun Turanci da katin banki da za su riƙe kuɗin ajiya a kai.

Ana samun abincin halal?

A Cape Town kam har sai ka zaɓa. Musulmi sun fi shekara 300 a garin, kuma akwai hukumomin da ke ba da shaidar halal, irin su MJC da SANHA. Za ka ga takardar a manne a bango ko a ƙofa. Ka lura da bambanci tsakanin gidan abincin da ke da shaida da wanda ya ce namansa halal ne amma yana sayar da giya kuma yana dafa naman alade a kicin ɗaya. Na biyun sun fi yawa a gonaki.

Da ka haura duwatsu ka shiga ƙananan garuruwa, abin sai ya ja baya. A nan kifi da kayan lambu ne mafita, amma su ma da tambaya, don masu dafa abincin yankin suna zuba giyar inabi a miya kamar yadda muke zuba daddawa. Kada ka yarda da zancen wai wuta na ƙone ta duka. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 ana dafawa kusan kashi 40 cikin 100 na barasar na nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai saura kamar kashi 5. Kayan zaƙi ma a kula: akwai wani kek na dabino da ake jiƙa shi da barasa mai ƙarfi, sunansa tipsy tart. A wani gidan abinci a hanya na kusa afkawa, don na ji an ce dabino. Mai kawo abincin ce ta dubi hulata ta ce wannan ba naka ba ne.

Tsiran-hanjinsu da ake kira boerewors sau da yawa ana gauraya naman sa da na alade a ciki, sai a mahautan Musulmi za ka saye shi hankali kwance. Mu kam mun cika akwatin ƙanƙara da nama daga Cape Town, muka riƙa kama masauki mai kicin da wurin gashi.

Wane abinci ne bai kamata ya wuce ni ba?

Na Musulmin Cape. Ka hau unguwar Bo-Kaap mai gidaje kala-kala ka nemi bobotie: niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi, an rufe samansa da ƙwai da madara an gasa, ana ci da shinkafa rawaya mai zabibi. Zaƙi-zaƙin zai ba ka mamaki a lomar farko, a ta uku ka daina magana. Denningvleis naman rago ne da aka dafa da tsamiya da kanumfari har ya saki ƙashi. Wannan kam harshen Bahaushe ba ya buƙatar tafinta. Ranar Lahadi da safe ana sayar da koesister, wani soyayyen fulawa mai kirfa da citta, an tsoma a ruwan sukari an birkiɗa a kwakwa, da ɗuminsa ake ci. Kada ka rikita shi da koeksister na Turawan wurin, mai kama da kitso, wanda zaƙinsa har hakori yake kamawa.

Gatsby kuwa burodi ne mai tsayin kamu guda da ɗori, an cusa masa soyayyen dankali da nama da yaji, a unguwar Athlone aka ƙirƙiro shi a 1976. Mu huɗu muka raba ɗaya, ba wanda ya nemi abincin dare. A bakin teku ka nemi kifin snoek gasasshe, sai dai ƙaya gare shi dogaye. A hanya kuma ka riƙa tsayawa a shagunan gona da suke kira padstal: burodin da aka gasa a kan garwashi, da man shanu, da busassun 'ya'yan itace, da zuma.

Biltong shi ne kilishinsu?

Ɗan'uwansa ne, amma ba uwa ɗaya ba. Kilishi ana fere shi siriri, a shanya, a tsoma a labu, a nuna masa wuta. Biltong da kauri ake yanka shi, a jiƙa da ruwan khal da gishiri da kayan ƙamshi, a rataye iska ta busar da shi kwanaki, ba ya ganin wuta ko kaɗan, cikinsa ma yakan rage da ɗan danshi. Ana yin na sa, da na jimina, da na namun daji. Akwai mai shaidar halal. Na ci, ya yi daɗi, amma ba zan ba da kilishi a karɓe shi ba.

Su wa suka gina waɗannan fararen gidajen gona?

Ba a cika yi mini wannan tambayar ba, ni na sa ta. A gonaki da yawa za ka ga wata ƙararrawa a rataye tsakanin ginshiƙai biyu farare, baƙi na ɗaukar hoto a gindinta. Ta kiran bayi ce zuwa aiki. Kamfanin kasuwancin Holan da ke mulkin Cape a lokacin ya kwaso mutane daga tsibiran Indonesiya, da Indiya, da Madagaska, da Mozambik, su suka yi noman, su suka yi ginin. Ba a soke bauta a Cape ba sai 1834, aka kuma tilasta musu ƙarin shekara huɗu a hannun iyayengijinsu.

Cikin waɗanda aka kawo har da malamai da sarakunan da suka yi wa Turawa tawaye. Shehu Yusuf na Makassar an kawo shi a 1694, ya rasu a 1699, kabarinsa na nan a wurin da yanzu ake kira Macassar, a hanyar Somerset West. Tuan Guru ya yi shekaru a tsare a tsibirin Robben, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka, bayan fitowarsa kuma aka kafa masallacin Auwal a Bo-Kaap a 1794, na farko a ƙasar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a Klein Constantia, gonar da ke cikin yankin da Napoleon ke shan giyarsa lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena: a gefen gonar, kusa da ƙofa, akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah. Ƙaramin gini ne mai ƙubba, a cikin bishiyoyi, ruwa na gudu kusa da shi. Motocin masu zuwa ɗanɗano na wucewa, mu muka cire takalma muka yi masa addu'a.

Bayan bauta sai aka shiga wani tsarin da ake kira dop, wato a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya. An haramta shi a farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990. Illar ba ta tafi ba: yankin na cikin wuraren da aka fi samun jariran da shan giyar uwa ya nakasa tun a ciki a duk duniya. A 2012 leburorin gonakin inabi na De Doorns suka yi yajin aiki, abin da ya sa aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105. Mai zuba wa baƙi giya cikin fara'a, sau da yawa jikan waɗannan mutane ne.

Salla fa a hanya?

Akwai masallatai a Stellenbosch, da Paarl, da Worcester, da Strand. Bayan nan sai ka riƙe dardumarka da butarka, ka yi kasaru. Abu ɗaya: kada ka fuskanci mafitar rana don ka saba cewa "gabas". Daga Cape alƙibla arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan. A watan Disamba kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 na dare, asuba na yi tun wajen ƙarfe 4.

Wace hanya kuka bi?

Kwana biyu a Cape Town, biyu a Stellenbosch muna shiga Franschhoek da Paarl. Daga nan muka bi N1 ta ramin Huguenot, wanda aka huda cikin dutse kusan kilomita 4, aka buɗe a 1988, ana biyan kuɗi a ƙofarsa. Kana fitowa ƙasar ta fara bushewa. Daga Worcester muka bi Robertson zuwa Montagu, muka kama hanyar da ake kira Route 62: Barrydale, Ladismith, Calitzdorp, har Oudtshoorn, kusan kilomita 420 daga Cape Town. Fili ne fetal mai gajerun itatuwa, sai ka yi minti ashirin ba ka haɗu da mota ba; ka sha mai tun tanki na rabi. Oudtshoorn garin jiminu ne, kusa da shi kuma akwai kogunan dutse na Cango. Mai ƙarfin zuciya ya hau hanyar Swartberg, wadda Thomas Bain ya gina aka buɗe a 1888, ba kwalta, ga rami a gefe. Na tuƙa ta, na kuma yi salati fiye da yadda na saba.

Dawowa muka tsallaka zuwa George, muka bi N2 ta Swellendam, muka ratse ta Hermanus don mu bi titin bakin teku zuwa Gordon's Bay. In ka ga gwaggon biri a bakin hanya ka ɗaga gilashi, sun iya buɗe ƙofar mota.

Wane lokaci ya fi?

Yanayinsu kishiyar namu ne. Disamba zuwa Fabrairu zafi, kuma daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu 'yan ƙasar na hutu, masauki na tsada. Girbin inabi daga ƙarshen Janairu ne zuwa Afrilu, lokacin za ka ga taraktoci na jan kwanduna a titi. Yuni zuwa Agusta sanyi da ruwan sama, kurangar inabi ta zubar da ganye, amma farashi na sauka. Ni Maris zan zaɓa.

Tukwici da tsaro fa?

A gidan abinci kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kuɗin abinci ake bari, kuma ma'aikatan da shi suka dogara. Mai zuba maka mai da mai gadin mota sanye da riga mai ƙyalli su ma ana ba su 'yan canji. Kada ka bar jaka ko waya a kan kujera ko da minti biyar za ka yi, ka sa a but tun kafin ka isa inda za ka tsaya. Ka guji tuƙin dare a hanyar da ba ka sani ba, kuma in manhajar taswira ta ce ka ratse ta cikin wata unguwa don rage hanya, ka zauna a babban titi. Lambar 'yan sanda 10111, ta gaggawa daga wayar hannu 112.

Wace tsaraba zan kawo?

Shayin rooibos, wanda a yankin duwatsun Cederberg ake noma shi, ba ya hana barci, ga shi ba nauyi. Man zaitun, amma ka naɗe kwalbar cikin kaya ka sa a babbar jaka, ba ta hannu ba. Busassun 'ya'yan itace daga Montagu, da zabibi, da haɗin kayan ƙamshi daga shagunan Bo-Kaap. Ni na ƙara da kwalba biyu na ruwan hanepoot, ɗaya ta fashe a jaka tun kafin mu sauka Legas, ta rina mini farar shadda guda.